Yadda ake gina gwajin saurin kanel mai tafiyar da kansa wanda za a gaskata sakamakonsa

Wata rana a cikin watan Afrilu, a wani ɗaki da muke aiki a Samaru, wani ɗalibi da nake dubawa ya shigo da sauri ya ce mini, "Malam, na kama koma-baya a sabon kanel, ga lambobin nan." Na karɓi takardar na duba, kuma lallai sabon kanel ɗin ya fi tsohon jan ƙafa a duk karon da ya auna. Da na tambaye shi lokacin da ya yi kowane awo, sai ya ce tsohon ya auna shi ne bayan sallar asuba, sabon kuwa sai da ya dawo daga lacca bayan azahar. Na ce masa ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin kwamfutar, ya ɗora ya janye da sauri. Muka mayar da tsohon kanel a wannan zafin muka sake awo, shi ma ya ja ƙafa daidai yadda sabon ya yi. Abin da yaron ya auna ranar nan zafin bazarar Zariya ne, kanel bai yi laifin komai ba.

Kanel shi ne zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, shi ke raba wa shirye-shirye lokacin furosesa, ya ba su wuri a ma'adana, ya kai saƙonsu ga faifai da hanyar sadarwa. Na Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, yana fitowa sabo kusan duk bayan mako tara ko goma, kuma kowace fitowa tana ɗauke da gyare-gyare fiye da dubu goma. A cikinsu ana samun wanda zai rage wa wani aiki sauri ba tare da mai shi ya sani ba, shi ne ake kira koma-baya, kuma dokar masu wannan aiki ita ce ba a yarda sabon kanel ya ɓata wa mai amfani abin da yake yi masa aiki a tsohon. Saboda yawan gyare-gyaren ya fi ƙarfin idon mutum, sai aka ɗora wa injuna aikin awo, kamar tsarin gwajin nan na kamfanin Intel da ake kira 0-day, da mmtests na Mel Gorman, da Phoronix Test Suite. Mai ƙaramin ɗakin gwaji a Samaru ko Kongo zai iya gina irin nasa da kwamfutoci biyu. Harhaɗa tsarin ba shi da wuya sosai. Inda wahalar take shi ne a kai shi matsayin da idan ya ce an samu koma-baya, za a tashi a bi maganarsa ba tare da fargabar ɓata lokaci ba, kuma matakan da ke tafe duk a kan wannan suke.

Mataki na farko shi ne ka yanke abin da kake son aunawa, ka rubuta shi a takarda da kalmomin da wani zai gane. "Saurin kanel" ba abu ɗaya ba ne. Akwai yawan aikin da ake gamawa cikin daƙiƙa ɗaya, akwai kuma jinkirin da buƙata ɗaya take yi kafin a amsa ta, kuma sau da yawa gyaran da ya ƙara ɗaya yakan rage ɗayan. Idan abin da ya dame ka mai raba lokacin furosesa ne, hackbench da schbench su ne kayan aikinka. Idan faifai ne, fio na Jens Axboe. Idan hanyar sadarwa ce, netperf ko iperf3. Idan kuwa yadda kiran kanel, wato buƙatar da shiri ke miƙa wa kanel, yake jure wa yawan ƙwayoyin furosesa ne, wato sassanta da kowanne ke iya gudanar da aiki shi kaɗai, will-it-scale. Shawarata ita ce ka haɗa ƙananan ma'aunai irin waɗannan da aƙalla aiki ɗaya na gaske, kamar pgbench a kan rumbun bayanai na PostgreSQL, ko harhaɗa kanel ɗin kansa, wato mayar da rubutaccen tushensa manhajar da inji zai iya gudanarwa. Ƙaramin ma'auni yana saurin jin sauyi, amma yakan yi kururuwa kan abin da babu mai amfanin da zai taɓa ji a jikinsa, shi ya sa ake so a ajiye aikin gaske a gefensa ya riƙa tabbatarwa. Kada ka fara da ma'aunai ɗari. Huɗu ko biyar da ka san halinsu sun fi maka amfani, kuma dalilin zai fito nan gaba.

Mataki na biyu shi ne tanadin injuna. Ana buƙatar biyu, ɗaya mai bayar da umarni da harhaɗa kanel da ajiye sakamako, ɗaya kuma wadda ake gwajin a kanta, wadda ba za ta yi wani aiki ba sai wannan. Kada wani ya zauna a kanta ya buɗe intanet, kada a bar mata sabunta manhajoji da kanta, kuma a kashe duk ayyukan da ke tashi bisa agogo. Kada kuma a yi awon a cikin kwamfutar kwaikwayo da ke zaune a cikin wata kwamfutar, ko a sabar haya ta intanet da ake rabawa da baƙi, domin ba ka san abin da maƙwabcinka yake yi da furosesar a lokacin da kake awo ba.

A garinmu wannan mataki yana da ƙarin nauyi guda biyu, wuta da zafi. Kwamfutar gwaji ta zauna a kan inbata ko UPS mai ƙarfi, kuma tsarin ya riƙa rubuta lokacin da aka ɗauke wuta da lokacin da aka dawo da ita, duk awon da ya faɗa cikin wannan tsakani a zubar da shi a sake. Mai amfani da kwamfutar cinya ya ƙara kula, domin da zarar ta koma kan batir yawancinsu sukan sauya tsarin cin wuta su rage gudu, kuma ana iya ganin halin da take ciki a /sys/class/power_supply kafin kowane awo da bayansa. Zafi kuwa, furosesa idan ta kai iyakar da aka yanka mata takan rage gudunta da kanta don kada ta lalace. A injunan Intel akwai ƙidayar sau nawa hakan ta faru a /sys/devices/system/cpu/cpu0/thermal_throttle, don haka sai a karanta lambar kafin a fara da bayan an gama. Idan ta ƙaru, wannan awon bai inganta ba. Shirin turbostat ma yana nuna ainihin gudun da furosesar ta yi da zafinta. Ni dai na fi son a tsara manyan gwaje-gwaje su gudana daga tsakar dare zuwa asuba a watannin Maris da Afrilu, idan ɗakin ba shi da na'urar sanyaya wuri mai tabbas. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe fanka sannu a hankali, har injin da yake sanyi a Nuwamba ya koma mai zafi a Fabrairu ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Mataki na uku shi ne ɗaure duk abin da ke motsi a cikin injin. Furosesar zamani tana hawa da sauka da gudunta gwargwadon aiki da zafi, saboda haka sai a tsayar da ita da umarnin cpupower frequency-set -g performance, sannan a kashe ƙarin gudun nan na ɗan lokaci ta hanyar rubuta 1 a /sys/devices/system/cpu/intel_pstate/no_turbo, ko kuma, a injunan da ba su amfani da wannan direba, a rubuta 0 a /sys/devices/system/cpu/cpufreq/boost. Idan gwajin ya shafi faifai, kafin kowane zagaye a gudanar da sync, a rubuta 3 a /proc/sys/vm/drop_caches, don kada zagaye na biyu ya ci gajiyar abin da na farko ya bari a ma'adana. Faifan SSD yana da nasa hali, domin sabo ko wanda aka share yakan yi gudun da ba zai iya riƙewa ba bayan ya cika, shi ya sa ake mayar da shi hali ɗaya kafin kowane gwaji, ko dai a share shi da blkdiscard a sake tsara shi, ko a cika shi da rubutu har gudunsa ya daidaita. A injin da ke da furosesa fiye da ɗaya, numactl da taskset suna ɗaure aiki a wuri guda.

Amma a nan akwai abin da nake so a yi hattara da shi, domin na ga masu himma sun wuce gona da iri. Injin da aka ɗaure ko'ina ya daina kama da injin da mutane ke amfani da shi. Idan koma-bayan yana cikin sashen da ke sarrafa gudun furosesa ne, ko a yadda mai raba lokaci yake zaɓar ƙwayar da zai ɗora wa aiki, to ka rufe idonka da hannunka, tunda waɗannan su ne ka kashe. Lokacin da Linux 6.6 ya fito a 2023 da sabon tsarin rabon lokaci na EEVDF a madadin CFS da ake amfani da shi tun 2007, wanda ya ɗaure kowane aiki a ƙwaya ɗaya ba zai ga yawancin abin da ya sauya ba. Mafita ita ce a riƙe tsari biyu, ɗaurarre mai saurin jin ƙaramin sauyi, da sakakke mai kama da na kowa wanda za a yi masa ƙarin zagaye, kuma kada a taɓa cakuɗa lambobinsu.

Mataki na huɗu shi ne tabbatar da cewa kanel ɗin ne kaɗai ya bambanta. A yi amfani da manhajar harhaɗawa ɗaya, GCC ko Clang, fitowa ɗaya, ga tsoho da sabo. A fara da fayil ɗin .config ɗaya, wato mai ɗauke da zaɓuɓɓukan da ake harhaɗa kanel da su, a gudanar da make olddefconfig, sannan a kwatanta abin da ya fito da na asali da scripts/diffconfig, domin sabon kanel yakan zo da sababbin zaɓuɓɓuka da ke kunna kansu. A tabbata kayan farautar kurakurai irin su KASAN da PROVE_LOCKING a kashe suke, don suna da nauyi ƙwarai kuma suna sauya halin abin da ake aunawa. A adana tare da kowane sakamako abin da ke cikin /proc/cmdline, da lambar BIOS, da lambar ƙaramar manhajar furosesa da ke bayyana a /proc/cpuinfo, da duk abin da ke ƙarƙashin /sys/devices/system/cpu/vulnerabilities. Wannan na ƙarshen yana da tarihi. A Janairun 2018 aka bayyana raunin Meltdown da Spectre, kuma kariyar da ta shiga Linux 4.15 ta ƙara wa kowane kiran kanel tsada a furosesoshin da abin ya shafa, da sanin masu aikin kuma da yardarsu. Tsarin da bai adana wannan bayani ba zai ga gudu ya faɗi ya rasa dalili. Sai dai ba kowace tsadar kariya ake haƙuri da ita ba, domin a ƙarshen 2018, lokacin da ake shirya 4.20, awo ya nuna wata kariya mai suna STIBP tana cin gudu mai yawa a wasu ayyuka, aka sauya ta yadda ba za ta hau kan kowane shiri ba sai wanda ya nema.

Game da samo tarihin kanel ɗin, wato jerin gyare-gyaren da aka yi masa wanda ake ajiyewa da manhajar git, ana buƙatar cikakkensa, ba guntun da ake saukewa don tsimin data ba, saboda binciken da za a yi a gaba yana tafiya ne cikin tarihi. Yana da nauyin gigabait da dama, don haka a sauke shi sau ɗaya a inda intanet take da ƙarfi, sauran injuna su kwafa daga nan.

Mataki na biyar shi ne wanda na fi damuwa da shi, kuma shi ne aka fi tsallakewa. Kafin ka kwatanta kanel biyu, kwatanta kanel ɗaya da kansa. Mai sayen masara a kasuwar Sabon Gari ba ya gardama kan cikar buhu sai ya yarda da mudun, kuma hanyar sanin mudu ita ce a auna hatsi ɗaya sau biyu a ga ko zai ba da lissafi ɗaya. Ka ɗauki kanel guda ka ba shi suna biyu, ka bar tsarinka ya yi musu duk abin da zai yi wa tsoho da sabo, tun daga tayar da inji har fitar da hukunci. Bambancin da ya fito shi ne rawar ma'auninka. A ɗauka ya nuna maka cewa hackbench yana kai-kawo da kashi 3 cikin 100 tsakanin abu da kansa. To duk ranar da ya ce maka sabon kanel ya ragu da kashi 2, bai faɗa maka komai ba. Kowane ma'auni yana da rawarsa a kowane inji, saboda haka iyakar da za a ce an samu koma-baya ba lamba ɗaya ba ce da za a shimfiɗa wa kowa, sai a fitar wa kowanne tasa daga wannan gwaji.

A cikin wannan matakin akwai wani abu da ya daɗe yana ruɗa mutane. Mutum zai tayar da injin sau ɗaya, ya maimaita awo sau ashirin, ya ga lambobin sun yi kusa da juna sosai, sai ya ɗauka yana da shaidu ashirin. Alhali shaidu ne da duk suka ji labari daga baki ɗaya. Duk lokacin da aka tayar da inji, kanel yana sauka a wani adireshi dabam saboda kariyar KASLR, shafukan ma'adana da ake ba shirye-shirye suna faɗawa wurare dabam, kuma wannan yana sauya yadda bayanai ke zama a ma'ajiyar kusa ta furosesa, wato ƙaramar ma'adana mai sauri da ke cikinta. Abin da aka samu a tashi ɗaya yana nan daram har a kashe, amma tashi na gaba zai iya ba da wata lambar. Don haka abin ƙirgawa shi ne sau nawa aka sake tayar da injin. Tashi biyar da awo huɗu a kowanne ya fi tashi ɗaya da awo ashirin nesa ba kusa ba. Ana iya rage wannan rawa da sanya nokaslr a layin umarnin tashi da rubuta 0 a /proc/sys/kernel/randomize_va_space, amma wannan daskarar da sa'a ɗaya ce kawai, wadda za ta iya yi wa wani kanel daɗi ta ƙi wani. Tun a 2009 Todd Mytkowicz da abokan aikinsa suka nuna cewa abin da bai kai ya kawo ba, irin girman bayanan muhallin da shiri ya tashi da su ko jerin da aka bi wajen haɗa fayiloli, yana iya karkatar da sakamakon awo har a yanke hukuncin da ba daidai ba.

Mataki na shida shi ne tsara jerin awon. Kada a gama duk na tsoho sannan a shiga na sabo, wanda shi ne kuskuren ɗalibina. A sassaƙa su, tsoho, sabo, sabo, tsoho, a ci gaba a haka ko a bar kwamfuta ta yamutsa jerin, yadda duk abin da ke sauyawa da lokaci, zafin ɗaki ne ko ƙarfin wuta, zai faɗa wa ɓangarorin biyu daidai. Bayan kowane tashi a jira mintoci kaɗan injin ya natsu, a yi zagaye ɗaya na ɗumama jiki a zubar da shi. Don kada sabon kanel da ya ƙi tashi ya tsayar da aikin dare ɗungurungum, a yi amfani da grub-reboot wanda ke zaɓar kanel na tashi ɗaya tak, a ƙara panic=30 a layin umarni, yadda idan ya rushe zai jira daƙiƙa 30 ya sake tashi ya koma kan amintaccen kanel. Cikin tushen kanel ɗin akwai ktest.pl a tools/testing/ktest, wanda ya riga ya san harhaɗawa da girkawa da tayarwa, kuma ya fi a ce mutum ya rubuta komai daga farko.

Mataki na bakwai shi ne hukunci. A adana kowace lamba ɗanya, kada a ajiye matsakaici kawai. Lambar tsakiya ta fi matsakaici jure wa awo ɗaya da ya kauce, kuma ga jinkiri ana duba wutsiya, wato mafi munin kashi 1 cikin 100, domin nan ne mai amfani yake jin ciwo. Yana da kyau a zana lambobin a gani da ido ko da sau ɗaya ne, saboda wani ma'aunin yakan rabu gida biyu, wani tashin ya ba da sama wani ya ba da ƙasa, kuma matsakaicin irin wannan lamba ce da injin bai taɓa bayarwa ba. Gwajin lissafi irin na Mann-Whitney yana taimakawa wajen sanin ko rukunin biyu sun bambanta da gaske, amma a haɗa shi da sharaɗi na biyu, cewa bambancin ya wuce rawar da aka auna a mataki na biyar kuma ya kai girman da zai dami wani.

Ga dalilin da ya sa na ce kada a fara da ma'aunai ɗari. Idan ka yarda kowane gwaji ya yi kuskuren ƙararrawa sau 5 cikin 100, kuma kana duba lambobi 200 kowane dare, to lissafi ya nuna za ka wayi gari da ƙararrawar ƙarya kusan 10 ko da ba a taɓa kanel ɗin ba. Mako biyu a haka ya isa kowa a ɗakin ya daina buɗe rahoton, ranar da na gaskiya ya zo kuma ya wuce ba mai gani. Maganin da ya fi sauƙi shi ne tsarin ya ɗauki ƙararrawar farko a matsayin zargi kawai, ya sake gudanar da wannan ma'aunin shi kaɗai da sababbin tashi masu yawa, sai ya tabbata karo na biyu sannan ya sanar da mutum. Akwai kuma kishiyar wannan matsala, wato zaizayewa a hankali. Idan kullum jiya kawai ake kwatantawa da yau, raguwar kashi 1 ba za ta taɓa tayar da ƙararrawa ba, amma idan ta faru sau goma an yi asarar kusan kashi 10. Saboda haka a riƙe tsohon kanel guda, misali ɗaya daga cikin masu dogon tallafi, a riƙa auna shi tare da sababbi a kai a kai. Shi ne kuma zai tona asirin injin idan injin ne ya sauya, domin kanel ɗin da ba a taɓa ba idan lambarsa ta motsa, ba shi ne ya motsa ba.

Mataki na takwas shi ne gano facin da ya jawo abin, wato gyara guda ɗaya cikin gyare-gyaren da suka shiga kanel. Umarnin git bisect yana raba tarihi biyu, a gwada na tsakiya, a jefar da rabin da ba shi da laifi, a ci gaba. Tsakanin fitowa biyu, zagaye 14 ya isa a tace gyare-gyare har 16,384. Da git bisect run ana ba shi ɗan shirin da zai harhaɗa, ya tayar, ya auna, ya dawo da 0 idan lafiya, da 1 idan akwai koma-baya, da 125 idan wannan matsayi bai harhaɗu ba ko bai tashi ba, a tsallake shi. Haɗarin shi ne wannan hanya ba ta yafe kuskure. Hukunci ɗaya da ya karkace yana tura binciken cikin rabin da babu mai laifi, kuma duk da haka a ƙarshe zai nuna wani faci da cikakken tabbaci. Idan kowane zagaye yana daidai sau 95 cikin 100, damar a gama 14 ba kuskure ba ta kai rabi ba, kusan kashi 49 ce. Idan aka kai shi 99 cikin 100 sai ta haura zuwa kusan 87. Don haka a sanya iyaka a tsakiyar lambar lafiya da lambar koma-baya, a bar fili a kowane gefe, duk sakamakon da ya faɗa cikin filin nan kada a yanke masa hukunci, a ƙara tashi har ya fita fili. A kuma adana git bisect log, don idan an gano inda aka karkace a koma can ba sai an faro daga tushe ba.

Sunan facin da ya fito zargi ne shi ma har sai an yi abu biyu. A auna shi da wanda ya gabace shi kai tsaye, da tashi masu yawa, a ga tazarar ta bayyana a daidai nan. Sannan a cire shi daga kan sabon kanel da git revert a ga ko gudu ya dawo. Idan facin ya taɓa wurin da ba shi da alaƙa da abin da ake aunawa, misali direban wata na'urar da ba ta ma cikin injin, to akwai yiwuwar ya ture wasu sassan manhajar kanel ko bayanai ne daga inda suke zaune a ma'adana, suka faɗa wani layin ma'ajiyar kusa mai bait 64. Akwai zaɓin DEBUG_FORCE_FUNCTION_ALIGN_64B da aka tanada don irin wannan bincike. Idan aka harhaɗa ɓangarorin biyu da shi tazarar ta ɓace, to zaman wuri ne ya sauya, dabarar facin ba ta da aibu. Daga nan sai perf stat da perf record a kan kanel biyun, a kwatanta da perf diff, a ga aikin da ya ƙara cin lokaci. Rahoton da ke cewa ga inda lokacin ya tafi ya fi wanda ke cewa gudu ya ragu kawai samun amsa.

Mataki na tara shi ne kai rahoto, kuma ina roƙon kada a bar wa inji wannan har sai ya daɗe yana faɗin gaskiya. Mutum ya karanta, ya gamsu, sannan ya aika. Shirin scripts/get_maintainer.pl yana nuna masu kula da sashen, kuma bayanin yadda ake kai irin wannan ƙara yana cikin Documentation/admin-guide/reporting-regressions.rst. A saka lambar facin, da irin furosesa da yawan ƙwayoyinta, da .config, da ainihin umarnin da aka gudanar, da lambobi ɗanye na kowane tashi, da rawar da aka auna tsakanin kanel da kansa, da sakamakon cire facin. Masu kula da kanel mutane ne da aiki ya yi musu yawa, kuma wanda ya aiko musu da zafin ɗakinsa sau biyu da sunan koma-baya, na ukun ba lallai su buɗe ba, ko da shi ne na gaskiya.

Mataki na ƙarshe shi ne gwada mai gwajin. Gwajin kanel da kansa yana nuna ko tsarin yana ƙararrawar ƙarya, amma ba ya nuna ko yana barci. Don sanin wannan sai ka dasa koma-baya da hannunka: ka ɗauki wani kiran kanel da ma'auninka ke yawan bi, ka saka masa ɗan jinkiri da ndelay, ka ɓoye facin a tsakiyar wasu gyare-gyare marasa illa a wani reshe naka, ka saki tsarin a kansa. Idan ya yi ƙararrawa kuma binciken ya dawo da sunan facinka, sai ka rage jinkirin ka sake, ka yi ta ragewa har ka kai inda ya daina gani. Wannan lamba ita ce mafi ƙanƙantar koma-bayan da injinka zai iya kamawa, kuma ya kamata a rubuta ta a saman kowane rahoto. Ana maimaita wannan da gwajin kanel da kansa duk lokacin da aka sauya wani abu a injin, ko faifai ne, ko BIOS, ko batirin inbata, ko ɗakin da yake zaune. Mu a nan muna ƙara wasu lokuta biyu a shekara, ɗaya a ƙarshen hunturu bayan an buɗe akwatin an busa ƙurar fanka, ɗaya kuma idan damina ta sauka ɗakin ya yi sanyi.